Gaskiya ko Ƙarya: Yadda Kwamfuta Ke Auna Abu Kafin Ta Yanke Hukunci

  Sharhin na yau ya shafi matasan da suka fara koyon rubuta manhaja, wato tsara jerin umarnin da kwamfuta ke bi daki-daki domin ta yi wani aiki, ya kuma shafi iyaye da malaman da ke son sanin abin da yaran nan ke duƙufa a kai har dare ya raba. Batun shi ne darasin da kowane mai koyo ke cin karo da shi tun makonnin farko: ƙimomi biyu da ake kira gaskiya da ƙarya, da kuma alamomin da ake kwatanta abu biyu da su. Magana guda ce sharhin zai riƙa komawa kanta. Kwamfuta tana amsa tambayar da aka rubuta mata ne, ba wadda ke cikin zuciyar marubucin ba.

Da farko dai, mece ce ƙimar gaskiya ko ƙarya? Kowane bayani da ke cikin kwamfuta yana da irinsa. Akwai lamba, kamar shekarun mutum ko kuɗin tiyar hatsi; akwai rubutu, kamar suna ko sunan unguwa; sannan akwai iri na uku, wanda ba ya ɗaukar komai sai ɗayan abu biyu, ko dai gaskiya ko kuwa ƙarya, ba tare da wani matsayi a tsakani ba. Ƙarya a nan ba ta nufin laifin maƙaryaci, tana nufin maganar da ba ta dace da abin da ke akwai ba. A harshen Python, wanda ɗan ƙasar Holan Guido van Rossum ya fitar a shekarar 1991, kuma yana cikin harsunan da aka fi fara koyo da su a yau, ana rubuta ƙimomin nan da kalmomin True da False, da babban baƙi a farkon kowace. Duk wani zaɓi da manhaja ke yi, ko ta buɗe asusu ko ta ƙi, ko ta aika kuɗi ko ta ce ba su isa ba, a kan ɗayan waɗannan biyun yake tsayawa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a zaurukan malamai na ƙasar Hausa. Masu karatun balaga sun daɗe da raba zance gida biyu: habari, wato zancen da za a iya gaskatawa ko a ƙaryata, da insha'i, wato umarni da tambaya da fata, waɗanda ba a ce musu gaskiya ko ƙarya. Idan aka ce an yi ruwa jiya a Zermu, wannan habari ne, domin ko an yi ko ba a yi ba. Idan kuwa aka ce Allah ya kawo ruwa, ba wanda zai ce an yi ƙarya. Masu ilimin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, a kan irin zance na farko suka gina karatunsu. Shehu Abdurrahman al-Ahdari, malamin ƙarni na 16 daga ƙasar Aljeriya ta yau, wanda almajirai suka san ƙaramin littafinsa na fiƙihu da sunan Ahalari, shi ne kuma ya wallafa Sullam, waƙen manɗiƙi da ake karantawa a zauruka. Shehu Magili, wanda ya ratso ƙasar Abzin ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kan wannan fanni, har ya kare shi a musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Misira. Saboda haka ɗalibin da ya taso a zaure yana da tushen da zai dafa.

Abin da ya sauya a ƙarni na 19 shi ne mayar da wannan tunani lissafi. George Boole, ɗan wani mai ɗinkin takalma daga garin Lincoln na Ingila, wanda aka haifa a 1815, ya koya wa kansa lissafi ba tare da ya taɓa samun digirin jami'a ba, har aka naɗa shi farfesa a birnin Cork na ƙasar Ayalan a 1849. A littafinsa na 1854 kan ƙa'idojin tunani ya nuna cewa za a iya sarrafa zantuka da alamomi yadda ake sarrafa lambobi, a yi amfani da 1 da 0 kawai. Ya rasu a 1864 bai ga kwamfuta ba. Sai a 1937 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, Claude Shannon, ya nuna cewa makunnan lantarki na tashoshin tarho suna bin wannan lissafin sak, domin makunni ko dai a kunne yake ko a kashe. Daga nan hanya ta buɗe zuwa kwamfutar zamani, kuma don tunawa da George Boole ne masana ke kiran waɗannan ƙimomi biyu da ƙimar Boole.

To, masu sauraro, sai mataki na biyu. Daga ina gaskiya da ƙaryar nan ke fitowa a cikin manhaja? Galibi daga kwatanci suke fitowa. Wanda ya taɓa tsayawa gaban sikeli mai faranti biyu a kasuwar Dole ta Damagaram ya san hali uku ne kawai ke yiwuwa: ko farantin hagu ya rinjaya, ko na dama ya rinjaya, ko su tsaya kai ɗaya. Daga waɗannan halaye uku ne aka fitar da tambayoyi shida, kuma kowace tana da alamarta. Ana tambaya ko abu ya fi ɗan'uwansa, ko ya gaza shi, ko sun yi daidai, ko sun bambanta. Sannan ana tambaya ko ya kai shi, wato ya fi ko ya yi daidai, da kuma ko bai wuce shi ba, wato ya gaza ko ya yi daidai. Alamar fifiko da ta gazawa ƴar kusurwa ce mai buɗaɗɗen baki, kuma bakin yana fuskantar ɓangaren da ake cewa ya fi girma. Idan aka ɗora mata alamar daidai a bayanta, ma'anar ta koma ya kai ko bai wuce ba. Bambanci kuwa a Python ana nuna shi da alamar motsin rai haɗe da alamar daidai. Ko wace aka yi amfani da ita, amsa ɗaya ce tak ke dawowa, gaskiya ko ƙarya.

Wurin da mai koyo ke fara tuntuɓe shi ne bakin iyaka. A makarantun Nijar ana ba da maki ne bisa 20, kuma kowane ɗalibi ya san matsakaicin maki 10 ne ke ƙetarar da mutum. A ɗauka wani matashi ya rubuta manhajar da za ta fitar da sunayen waɗanda suka ci jarrabawa, sai ya rubuta sharaɗin cewa maki ya fi 10. Mai 12 zai wuce, mai 8 zai faɗi, kuma marubucin zai ga kamar aiki ya yi kyau. Amma ɗalibar da ta samu 10 cif za ta faɗi, domin 10 bai fi 10 ba, kuma na'urar ba ta yi kuskure ko kaɗan ba, tambayar da aka yi mata ta amsa. Abin da dokar makaranta ta ce shi ne maki ya kai 10, kuma tsakanin ya fi da ya kai alama ɗaya ce rak a rubuce, amma shekara guda ce a rayuwar yarinyar. Kwamfuta tana amsa tambayar da aka rubuta mata ne.

Tuntuɓe na biyu ya shafi alamar daidai ita kanta. A Python da C da JavaScript, alamar daidai guda ɗaya umarni ce, tana nufin a zuba wannan ƙima a wannan ma'aji, ma'aji kuwa shi ne gurbi mai suna da manhaja ke adana bayani a ciki. Alamar daidai biyu a jere su ne tambaya, suna nufin shin abin da ke nan daidai yake da abin da ke can? Ta farko insha'i ce, ta biyu ce ke haifar da gaskiya ko ƙarya. Python yana ƙin karɓar alama guda a cikin sharaɗi, yana tsayar da aiki ya nuna wurin kuskuren, amma harshen C yana karɓa shiru. A watan Nuwamba na 2003 wani da ba a gano ko wane ne ba ya yi ƙoƙarin cin moriyar wannan, inda ya cusa layuka biyu a wani kwafin ginshiƙin Linux, manhajar da a yau wayoyin Android ke tafiya a kanta. Mai karatu da gaggawa zai ɗauka layin yana tambaya ne ko mai amfani shi ne shugaban na'ura, alhali da alama guda aka rubuta shi, wato yana naɗa shi shugaba ne. An kama abin ne saboda kwafin ya saɓa da asalin da ke babbar ma'ajiya, kuma bai kai ga jama'a ba. Idan ƙwararru na iya karanta irin wannan layi su wuce, mai koyo ya fi kowa buƙatar ya riƙa ƙirga alamominsa.

Yanzu sai mataki na uku, wato haɗa tambayoyi, kuma a nan ne yankin Damagaram ke da misalin da ya fi na littafi. Duk uwar da ta taɓa kai yaro awo ta san ɗan madaurin nan na roba mai launi uku, ja da ruwan ɗorawa da tsanwa, wanda ake auna kaurin damtse da shi domin gano tamowa. Ana sakin hannun yaron ya sauka, a nemi tsakiyar damtse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a zagaya madaurin a zura bakinsa ta ƴar kafa, a ja shi har ya kwanta a kan fata ba tare da ya matse ba, sannan a duba lambar da launin da suka bayyana a ƴar tagar da ke tsakanin kibiyoyi biyu. A gundumar Mirriya, wadda Zermu ke cikinta, ƙungiyar BEFEN ta ƴan Nijar da ƙungiyar ALIMA sun koya wa iyaye mata yin wannan awo da kansu a gida, kuma binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna suna gane launin kusan yadda ma'aikatan lafiya na karkara ke ganewa. Abin da uwar ke yi kwatanci ne tsantsa. Tana tambaya ko kaurin ya gaza milimita 115, kuma launin ja shi ne amsar gaskiya.

Sai dai ƙa'idar ba ta tsaya a kan tambaya guda ba. Awon damtse na yara ne daga wata 6 zuwa wata 59. Sannan ana duba kumburi, inda ake danna bayan ƙafafun yaron duka biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku, idan rami ya zauna bayan an ɗaga yatsa to akwai kumburi, kuma wannan kaɗai ya isa a ce tamowa ta yi tsanani ko da madauri ya nuna tsanwa. A likita akwai kuma awon nauyi bisa tsawo, amma waɗannan biyun sun wadatar ga darasin. Mai rubuta manhaja yana da kalmomi uku na haɗa irin waɗannan tambayoyi: da, ko, da kuma ba. Kalmar da tana ba da gaskiya ne kawai idan ɓangarorin biyu duka gaskiya ne, shi ya sa dole wata ya kai 6 kuma kada ya wuce 59. Kalmar ko tana ba da gaskiya idan aƙalla ɓangare ɗaya gaskiya ne, har ma idan duka biyun ne, saɓanin maganar yau da kullum inda tuwo ko fura ke nufin a zaɓi ɗaya. Yaro mai jan awo da kumburi gaba ɗaya yana cikin hukuncin, ba a fitar da shi don ya cika sharuɗɗa biyu. Kalmar ba kuwa juya amsa take yi, gaskiya ta koma ƙarya, ƙarya ta koma gaskiya. Shannon ya nuna cewa makunnai biyu a jere kan waya guda su ne da, domin sai an kunna duka wuta ke wucewa, makunnai biyu a kan hanyoyi biyu kuwa su ne ko.

A nan akwai tarkon da ya kamata masu koyo su saurara da kyau. Kamar yadda ake yin sau kafin tarawa a lissafi, haka kwamfuta ke warware da kafin ta warware ko. Idan aka jera sharuɗɗan a layi ɗaya, wata ya kai 6 da wata bai wuce 59 ba da damtse ya gaza 115 ko akwai kumburi, na'urar za ta ɗaure ukun farko wuri guda, ta bar kumburi shi kaɗai a gefe. Sakamakon shi ne mace mai juna biyu da ƙafafunta suka kumbura, ko dattijo mai ciwon ƙoda, za su shiga rajistar yara masu tamowa. Maganin abin baka biyu ne kawai: a rufe awon damtse da kumburi a cikin baka, domin a warware su tare kafin a haɗa da shekaru. Baka ba ta cin kuɗi, kuma wanda ya saka ta ko inda ba dole ba ya sauƙaƙa wa mai karanta aikinsa gobe.

Haka kuma bakin iyaka yana dawowa a nan da nauyin da ya fi na jarrabawa. Kishiyar ya gaza 115 ita ce ya kai 115, ba ya fi 115 ba. Idan marubuci ya ce ja shi ne abin da ya gaza 115, ruwan ɗorawa kuma shi ne abin da ya fi 115, to yaron da awonsa ya faɗa kan 115 daidai ba ya cikin kowane rukuni, manhaja za ta wuce shi kamar bai zo ba, alhali yana cikin masu buƙatar kulawa. Ita kanta iyakar ba dawwamammiya ba ce. A da milimita 110 ake amfani da ita, sai a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga ta zuwa 115. Marubucin da ya warwatsa lambar a wurare goma cikin manhajarsa zai gyara tara ya manta ɗaya. Wanda ya ajiye ta a ma'aji guda mai suna, gyara ɗaya zai yi ya huta.

Masu sauraro, mataki na huɗu shi ne duba irin abubuwan da ake kwatantawa, domin alama tana iya zama daidai amma abin da aka ɗora mata ya zama ba shi ba. Duk abin da mutum ya buga a allon madannai, Python yana karɓarsa ne a matsayin rubutu, ko da lambobi ne, har sai an umarce shi ya mayar da shi lamba. Rubutu kuwa baƙi-baƙi ake kwatanta shi daga hagu, yadda ake jera kalmomi a ƙamus. Idan 95 da 115 duka rubutu ne, na'urar za ta dubi 9 ta dubi 1, ta ga 9 ya fi, ta yanke cewa 95 bai gaza 115 ba, ba tare da ta ƙara duba sauran ba. Ma'ana, yaron da damtsensa ya rame har ya kai milimita 95 zai fito a cikin masu lafiya, kuma babu wata ƙararrawa da za ta kaɗa. Kwamfuta ta amsa tambayar da aka rubuta mata.

Ma'auni shi ma yana da nasa rikicin. Ma'aikacin da ya saba faɗin awo da santimita zai buga 13, manhajar da ke jiran milimita kuwa za ta ga 13 ya gaza 115, ta sa lafiyayyen yaro a ja. Mutanen yankin Damagaram sun san irin wannan a harkar kuɗi, domin a baki da dala ake ƙirga, kuma dala guda sefa 5 ce, ta yadda dala 100 ta fi sefa 300 ko da yake 100 bai kai 300 ba. Na'ura lambar kawai take gani, ba ta san dala ba, ba ta san sefa ba. Hatta lambobi masu ɗigo suna da nasu hali, domin kwamfuta da 0 da 1 take adana su, kuma wasunsu ba sa zama cif. Idan aka tara 0.1 da 0.2 aka tambayi Python ko sun yi daidai da 0.3, ƙarya zai ce. Shi ya sa gogaggun marubuta ke adana kuɗi da cikakkun lambobi, kuma idan dole ne a kwatanta masu ɗigo, sai su tambaya ko tazarar da ke tsakani ta gaza wani ɗan ƙanƙanin adadi.

Rubutun Hausa kuma yana da abin lura na musamman. Kowane baƙi yana da lambarsa a tsarin Unicode, wato kundin duniya da ya ba kowane harafi lamba, kuma da waɗannan lambobi ake kwatanci. Manyan baƙaƙe suna gaba da ƙanana, don haka Zinder da babban baƙi ba daidai take da zinder da ƙaramin baƙi ba. Baƙaƙe masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, lambobinsu suna can bayan z da nisa, ta yadda idan aka bar na'ura ta jera sunaye da kanta, Ɗanladi zai koma bayan Zainabu. Kalmar ƴaƴa da ake rubutawa da y mai lanƙwasa a Nijar, a Nijeriya da ɗan waƙafi a sama ake rubuta ta, kuma a wurin kwamfuta kalmomi biyu ne mabambanta. Haka Mahamadou na takardar haihuwa da Muhammadu na makarantar allo mutum ɗaya ne a gida, mutum biyu ne a rajista. Mai rubuta manhaja don mutanen Damagaram sai ya fara daidaita rubutu, ya mayar da baƙaƙe ƙanana, ya share sararin da ya maƙale a ƙarshen kalma, kafin ya tambayi na'ura ko suna biyu ɗaya ne.

Saura abu guda da ƙimomin nan biyu ba su iya ɗauka, wato rashin sani. Yakan faru yaro ya zo likita ba a auna shi ba, gurbin awonsa ya zauna fayau. Idan manhaja ta cike gurbin da 0, yaron zai fito a ja. Idan ta ɗauki rashin amsa a matsayin ƙarya, zai fito a cikin masu lafiya. Kuma duka biyun zato ne aka sa masa rigar hukunci. Python yana da ƙima ta musamman mai suna None don nuna babu, harshen SQL na rumbunan bayanai kuma yana da NULL, wanda idan aka kwatanta shi da kowane abu amsar ba gaskiya ba ce ba kuma ƙarya ba, ba a sani ba ce. Marubuci nagari yakan fara tambaya ko akwai awon, idan babu sai manhaja ta ce a je a auna. Malamai sun daɗe suna yaba wa wanda ya iya cewa bai sani ba, kuma na'ura ba ta iya faɗin haka sai an koya mata.

To ta yaya mai koyo zai kiyaye kansa daga waɗannan ramuka? Hanya ta farko ba ta buƙatar wuta ko intanet, abin da ke da amfani a garuruwan da lantarki ke zuwa yana tafiya. Ya ɗauki takarda ya faɗi sharaɗin da Hausa tukuna, cikakkiyar jimla, har sai wanda bai san kwamfuta ba ya gane, domin sharaɗin da ya gagari baki ba zai miƙe a rubuce ba. Sannan ya zana jadawalin gaskiya, wato ya jera duk yadda amsoshin za su iya haɗuwa, layi huɗu idan tambayoyi biyu ne, ya rubuta hukuncin da yake so a gaban kowane layi. Hanya ta biyu ita ce gwaji a bakin iyaka: kowace lamba da ke raba hukunci biyu a gwada ta sau uku, ƙasa da ita kaɗan, ita kanta, da sama da ita kaɗan, sannan a gwada gurbi fayau. Yara ƙanana suna iya farawa da Scratch, manhajar koyo da MIT ta fitar a 2007, inda kowace tambaya ke da siffa mai kusurwa shida, daidai da siffar gurbin sharaɗi. Manya kuwa, ko ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram ne ko masu koyo a gida, suna iya gwada Python ko a wayar hannu, su buga kwatanci su yi hasashen amsa kafin su duba.

A taƙaice, jama'a masu sauraro, ƙimomi biyu ne, alamomin kwatanci shida ne, kalmomin haɗi uku ne, kuma mutum zai iya haddace su a zama guda. Wahalar tana wajen tsara tambaya: a san ko ya fi ake nufi ko ya kai, a san alama guda ce ko biyu, a san inda baka za ta zauna, a san lamba ce ake kwatantawa ko rubutu, a kuma san abin da za a yi idan babu amsa. Kwamfuta tana amsa tambayar da aka rubuta mata ne, ba wadda ke cikin zuciyar marubucin ba, don haka alhakin hukuncin yana wuyan wanda ya rubuta.

Kalma ta ƙarshe ga matasa masu koyo ita ce su tuna cewa bayan kowace lamba a rajista akwai mutum, kuma wanda ya tsaya daidai bakin iyaka shi ne ya fi buƙatar a yi masa adalci. Ga iyaye da malamai, su riƙa sa yaran su bayyana musu sharuɗɗan da suka rubuta da Hausa, domin dattijon da bai taɓa riƙe kwamfuta ba yana iya jin inda magana ta karkace. Ga ma'aikatan ofis da na likita kuma, idan na'ura ta fitar da hukuncin da ya saɓa wa abin da ido ke gani, kada a ce ai kwamfuta ce ta faɗa a yi shiru, a nemi a ga tambayar da aka yi mata. Allah ya ƙara wa matasanmu basira, ya ba yaranmu lafiya.